Duwatsun Ƙofar Gidan Gwaggo

Ranar wata Talata, saura kwana uku Babbar Sallah, ina 'yar shekara tara, Baba ya dawo daga tashar jiragen ruwa tun azahar, abin da bai saba ba. Ko takalmi bai cire ba ya gaya wa Umma an sa su ninka igiyoyin jirage, don masu hasashen yanayi sun ce hadari mai nauyi na tahowa ta kan teku. Kafin la'asar labari ya zaga Hindawiyya, unguwarmu a Jidda, kowane baki da gishirin da zai ƙara, har ya zama guguwar da za ta ɗauko teku ta juye mana a ka. Gidanmu kuwa ko yayyafi aka yi sai an jera kwanoni. Sai Baba ya ari motar abokinsa ya kwashe mu, ni da Umma da mahaifiyarsa, ya kai mu can gabas gidan ƙanwarsa Gwaggo Zainabu, a gindin duwatsu, inda ko warin teku ba ya isa. Ya sauke mu ya koma bakin aiki hankalinsa kwance.

Ni dai murna nake. A Hindawiyya da ƙwallon dabino muke 'yar carafke, amma a ƙofar gidan Gwaggo duwatsu ne birjik, sumul-sumul kamar ƙwan tantabara. Na ciko siket na kai wa kakata, wadda muke kira Habboba irin na mutanen Sudan. Mace ce mai jiki, gwiwoyinta sun daɗe da ƙi, sai mutum biyu sun kama take miƙewa. A wani ƙauye na gabashin Sudan ta girma, bakin rafin da yake yin wata goma a bushe. Ta ɗauki dutse ɗaya ta juya shi a tafin hannu, sai na ga fuskarta ta canza.

"Zainabu," ta ce, "ruwa ne ya goge dutsen nan. A cikin rafi kuka yi gini."

Gwaggo ta yi dariya ta ce shekararsu bakwai a nan ba su ga rafi ba. Habboba ta ce hadarin da ya taso daga teku a kan duwatsu yake sauke kayansa, abin da ya zuba a can kuma ta nan zai biyo, a mai da mu gida. To a mai da mu da me? Mota ta tafi, wayar Baba ba ta shiga, mijin Gwaggo da mazan layin duk sun tafi Makka aikin alhazai, ga iƙamar Umma, takardar izinin zamanta, tana hannun kafili, wato mai tsaya mata, ana sabuntawa, ba ta isa ta tunkari shingen bincike ba. Haka muka kwana.

Da safe aka tashi da ruwa. Habboba ta ce a hau da ita saman rufi. Umma da Gwaggo suka gwada ɗaga ta suka kasa, Gwaggo ta ce, "Halas, ya isa, Inna, ki zauna, ruwan Jidda ba ya awa biyu."  Habboba ta ja jiki har bakin matakala, ta zauna a ta farko ta ba sama baya, ta dafa hannu biyu ta tura kanta zuwa ta biyu. Matakala goma sha bakwai ce, na ƙirga. Ni ke riƙe da takalminta, kuma wallahi haushinta nake ji, ina ganin rigimar tsufa ce.

Tana kan ta biyar muka ji wani gurnani daga gabas. Kafin Gwaggo ta leƙa, ruwa ja jawur ya banke ƙofar ƙarfen ya shigo tsakar gida da tukunyar gas ta wasu. Gwaggo ta riga ta tsallake sama, ni ma ina sama, amma Umma tana ƙasa. Matakalar matsattsiya ce, jikin Habboba ya cike ta, ba ta inda mutum zai wuce. Gwaggo na ja ta hammata, Umma na turawa daga ƙasa, ruwa na cin matakala ɗaya bayan ɗaya. Na ga ya kai gwiwar Umma, na ga ya kai ƙugunta. Habboba ta ce, "Taka ni ki wuce, 'yar nan." Umma ta ce, "Yalla, Inna, ɗaya kuma." Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, sai ƙirge nake da ƙarfi, takwas, tara, kamar ƙirgen ne zai ɗago su. Habboba na kan ta goma sha ɗaya ruwan ya daina hawa.

A saman rufi muka wuni cikin bargo ɗaya jiƙaƙƙe, ba shayi ba burodi, muna kallon ruwa na wucewa da motoci ta layin da na yi wasa jiya. Washegari Baba ya iso a ƙafa, taɓo har cinya. Teku bai motsa ba, gidanmu na Hindawiyya ruwan iyakarsa idon sawu. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Ita kuwa ta kwance bakin mayafinta ta sa masa dutsen nan a hannu.

Yanzu tun hadari na nesa waya ke ƙara, a nuna taswira da ja da ruwan ɗorawa, a faɗi unguwannin gindin duwatsu da kwaruruwan da za su cika, a rufe makarantu. 'Ya'yana murna suke, hutu ya samu. Habboba ta daɗe da rasuwa, kuma ba wanda ya taɓa ce mata ta yi gaskiya, har da ni. Amma da muka je duba gidan haya ni da mijina, yana can yana ƙwanƙwasa bango, ni na sunkuya a ƙofa na ɗauki dutse. Na san hannun wa nake ara.