Masu Dubiyar Kyanwata

Ran Litinin da safe kyanwata ta yi zawo a kan dardumar sallar Baba, daidai inda yake sa goshinsa. Gidan da muke haya a unguwar Gataa El Oued ta Tamanrasset yana da tsakar gida, yana da tulin yashin da Baba ya ajiye na gini, a bayanmu ga kwarin da ba ruwa, bayan kwarin kuma ga hamadar da in ka shiga sai ka yi furfura ba ka fita ba. Duk wannan fili ta bari ta zaɓi darduma.

Kwana huɗu ke nan cikinta na gudu. Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ɗaga dardumar da yatsa biyu ya miƙa mini.

"Ran Asabar motar siminti za ta Idles," ya ce. "Masu lambu a can suna neman kyanwa saboda ɓeraye. In ba ta warke ba kafin nan, da ita za a tafi."

Ban taɓa zuwa Idles ba, amma direban motar, abokin Baba ne, ya sha gaya mana cewa hanyar tana kakkaɓe wa mutum haƙora. Ni kuwa wannan kyanwa a cikin buhun siminti na tsince ta, shekarar da muka zo daga Damagaram, ba ta fi tafin hannuna ba. Lokacin ban iya Larabci ba, ban da ƙawa ko ɗaya a lekkol, wato makarantar boko, ita kaɗai ke jin Hausata. In sanyin Tamanrasset ya sauko, ita ce bargon ƙafata.

Na zauna na yi ta tunanin abin da ya kawo mata ciwon, ban gane kome ba. Inna ta ce ɓera mai guba ta ci. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Agadas da muke raba tsakar gida da ita da awakinta biyu, ta ce iskar kwari ce ta buge ta. Ni dai abin da na sani, tun da ciwon ya fara, kullum da rana in na dawo daga lekkol ina satar cokali ɗaya na madarar gari a gwangwanin Inna in dama mata. A unguwarmu haka ake yi wa mara lafiya. Madarar gari ita ce abin da ƙasar nan ta fi ƙasarmu, ita ake aika wa dangi gida, kuma ba wanda ke zuwa dubiya ba da ƙullinta ba. Ranar da wani magini ya faɗo daga bene, madarar da aka tara masa ta isa a yi wa gida uku shafe.

Ran Talata na sa kyanwar cikin kwali, na zuba shaidar ciwonta a gwangwanin tumatir na toshe da tsumma, na nufi bayan kasuwar Assihar, inda aka ce akwai wani tsohon likitan dabbobi. Duk wanda ya gitta kusa da ni a hanya sai ya ƙara sauri. Wani jaki ma da ke ɗaure sai da ya juya mini baya.

Na iske likitan yana duba bakin raƙumi. Mutumin ƙasar ne, amma ya yi shekaru yana hulɗa da makiyayan Nijar, Hausarsa ta fi Larabcina nesa.

"'Yata, me kika kawo sayarwa?"

Na buɗe gwangwanin. Mai raƙumin ya ja rawaninsa har kan ido.

Na zata zai kore ni, sai na ga ya karyo tsinke ya shiga tona abin kamar mai neman zinariya. Tambayoyi kuwa sun fi na jarrabawa. Sau nawa take yi a yini? Kamar ruwa ne ko kamar kunu? Na ga jini a ciki? Tana amai? Tana shan ruwa? Tana wasa ko kwanciya kawai? Ya ɗaga leɓenta ya dubi dasashinta, ya tattaɓa cikinta, sannan ya tsinci fatar wuyanta ya ja ya saki. Fatar ta koma, amma a hankali.

"Ruwan jikinta ya fara raguwa, amma ba ta kai ga haɗari ba. An canza mata abinci?"

"Tuwo ne da ɓera, tun tana ƙarama."

"Madara fa?"

"Cokali ɗaya tak, don ta samu ƙarfi."

Ya dube ni, ya dubi gwangwanin. "Kyanwa in ta girma, cikin yawancinsu ba ya narkar da madara. Sai ta bi ta wuce, ta tafi da ruwan jiki."

Nan kaina ya ɗaure. Ni tun da aka haife ni na san kyanwa da madara kamar tuwo da miya ne. Har a littafin lekkol an zana ta tana lasa. Na ce masa ko dai ya saba da raƙuma ne.

Ya yi dariya har ya riƙe ƙugu. "To ji nan. Zawo ƙofofinsa da yawa: tsutsar ciki, ruɓaɓɓen abinci, guba, ƙwayar cuta. Na ga alamar tsutsa kaɗan, ga maganinta, rabin rabin ƙwaya. Amma abin da ke cikin gwangwanin nan ba aikin cokali ɗaya ba ne. Ki koma ki sa ido. Yau ki bar cikinta ya huta zuwa yamma, ruwa mai tsabta kawai. Daga nan shinkafa dafaffiya da ɗan naman kaza, ba mai, ba barkono, kaɗan-kaɗan. In kin ga jini, ko amai, ko ta ƙi ruwa, ki dawo da gudu."

Na yi duk abin da ya ce. Na roƙi Inna wuyan kaza, na daina satar madara. Ran Laraba zawon ya ƙaru. Na tsaya a kan tulin yashi ina kallo, ban san ko likitan ne ya ruɗe ba ko ni ko kyanwar.

Ran Alhamis na tashi ina riƙe ciki ina nishin ƙarya, na ce ba zan iya zuwa lekkol ba. Inna ta ɗura mini jiƙon sabara mai ɗacin da har yau in na tuna kunnena na motsi. Da ta juya, na lallaɓa na ɓuya bayan gangar ruwa, inda nake hango lungun da kyanwar ke kwance.

Mutum na farko da ya zo Baba ne, da kayan aikinsa a kafaɗa da kofin shayi da madara a hannu. Ya waiwaya hagu da dama, ya zaro wani gwangwanin sardin daga ƙarƙashin bulo, ya tsiyaya rabin kofin a ciki.

"Sha, 'yar banza," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki warke kar ki sa ni jin kunya."

Bai daɗe da fita ba sai ga Inna da sauran jiƙon sabarar nan, ta dama shi da madara mai kauri don kar ɗacin ya hana sha. Hantsi na yi tsohuwa ta fito, ta tatsi akuyarta a ƙoƙo, ta barbaɗa wani garin ganye daga ƙullin zanenta, ta durƙusa tana yi wa kyanwar magana da yarensu. Kafin azahar matar malamin unguwa ta aiko da ƙulli, ta ce ta ji muna da mara lafiya. Ni take nufi, amma Inna ta raba biyu.

Kyanwar nan da nake kuka a kanta, ashe ta fi jaririn gwamna shan madara. Kowa kuma a ɓoye yake yi, don ba wanda ke so a ce an gan shi yana dubiyar kyanwa.

Sai matsala ta zama yadda zan faɗa. Ba a tsayawa gaban Baba a ce masa, kai ne ka ɓata dardumarka. Da yamma ana cin tuwo a tsakar gida, rediyo na magana, tsohuwa na zaune kusa da Inna, na fuskanci bango na ce:

"Inna, likita ya ce duk wanda ya ba kyanwa mai zawo madara, kamar ya haƙa mata kabari ne da hannunsa."

Bai faɗi haka ba, ni na ƙara gishiri.

Inna ta ce, "Wa zai ɓata madara a kan kyanwa?"

Tsohuwa ta ce, "Nonon akuya ai ba madara ba ne." Ba wanda ya tambaye ta.

Baba ya ƙware da ruwa, ya tashi ya ce zai duba ko an rufe ƙofa. Ƙofar tana rufe tun la'asar.

Na kai kyanwar ɗakinmu na kifa mata kwandon wanki, na zama jandarma a bakin ƙofa. Ruwa, shinkafa, wuyan kaza. Ran Juma'a sau biyu kawai ta yi, kamar kunu mai kauri, kuma na ga wasu fararen tsutsotsi a ciki. Sai na sake ruɗewa. In tsutsa ce, me ya sa ƙwayar ba ta yi aiki ba tun Talata? In madara ce, me ya fara kawo zawon kafin masu dubiya su taru? Na tambayi Inna tun yaushe Baba ya fara shan shayi da madara, ta ce tun da ya kama sabon gini, kwana goma ke nan, kuma in daina bin diddigin manya.

Ran Asabar da safe motar siminti ta tsaya ƙofar gida tana tari. Kyanwar ta riga ta je tulin yashi ta yi abin da za ta yi. Ni dai ban san ko za a kira wannan warkewa ba: ya fara yin siffa, amma bai gama ba. Baba ya je ya tsaya a kansa, hannuwa a baya, kamar mai duba tubalin da bai bushe ba. Na sa kyanwar cikin kwalin na rungume. Direban ya leƙo ya ce, "Ina fasinjar tawa?"

Baba ya sunkuya ya sake duba tulin. Sannan ya tura yashi da ƙafa ya rufe abin.

"Hanyar Idles ba ta mai jinya ba ce," ya ce. "Ka ce musu su nemi wata."

Har yau Inna na cewa sabara ce ta warkar da ita, tsohuwa na cewa garin ganyenta ne, ni kuma in an tambaye ni sai in ce shinkafa, don ban san gaskiyar ba. Ran Lahadi dai na sake hango Baba a lungun nan, ya durƙusa da gwangwanin sardin cike da ruwa zalla, kyanwar na kallon kofinsa.

"Ba ni na hana ba," yake ce mata. "Likita ne."