Galiya da Randar Shekarar Yunwa

Duk wanda ya yi firamare a ƙauyen nan na kudu da garin Tatawin ya san Galiya mai shara. Ita ce matar da in ta wanke daɓe sai ta wanke bokiti, sannan ta wanke hannun da ya wanke bokitin. Shekara goma sha tara tana goge ajujuwa, ba a taɓa ganin ɗigon datti a gefen zanenta ba. Irin wannan mata Allah ya rubuta wa zama a rumbu.

Mijinta Jilani birkila ne. Ya daɗe yana ɗora bulo a Libiya, ya dawo da ciwon baya da yawan labari. Su da 'ya'yansu huɗu suna zaune a ɗakuna biyu na gidan yayanta Munsif. Da hatsin sha'ir ya fara nuna, Munsif ya ja ta gefe yana sosa ƙeya, ya ce ɗansa zai yi aure bayan girbi, kuma a ɗakunan za a sa amarya. Wata uku ya ba su.

Gadon Jilani bai wuce rumbuna huɗu a tsohuwar ma'ajiyar dangi da ke kan tudu ba, ɗakunan dutse masu rufi kamar bayan kunkuru, biyu a ƙasa biyu a sama, ƙofarsu sai an rusuna. Tun da mutane suka koma sayen gari a kanti babu wanda ya sake zuba hatsi a ciki. Ranar da ya kai ta gani, jemagu ne suka tare su. Kashinsu ya kai idon sawu. Ragowar sha'ir ta ruɓe ta manne wuri guda, ɗaya rumbun kuma makiyaya sun mai da shi makewayi.

"Nan zan fasa taga," in ji Jilani, yana nuni. "Nan madafa. Sama kuma namu ni da ke, mu riƙa shan iska."

"Jilani, ƙafarka."

"Me ya same ta?"

"A kan mushen kyanwa kake tsaye."

Ba su da wani wurin, saboda haka suka fara. Kullum in ta tashi daga makaranta sai ta ɗaure hanci da mayafi, ta kwashi ƙazanta da shebur tana tofar da yawu. Shi kuma ya fasa bango tsakanin rumbunan ƙasa, ya buɗe tagogi, ya gina matakala. Da aka zo daɓe ta ce a tono tsohon tukuna. Ya ce daɓen kakansa ya fi ƙarfe, ɓata lokaci ne kawai. Ya malala siminti a kai.

Saura kwana goma biki, zafi ya sauko. Sai ga wani baƙin tabo a tsakiyar ɗakin da aka ware wa yara. Ta goge, washegari ya dawo ya ninka. Tururuwa suka yi masa zobe. Wari ya taso, kamar jiƙaƙƙiyar fatar akuya da aka manta a buhu, yana kama harshe har mutum ya ji maiƙo a maƙogwaro.

Baffa Daw, ƙanin mahaifin Jilani, ya hawo tudu a kan jakinsa. Ya durƙusa ya shinshina, sai fuskarsa ta washe.

"Allahu akbar! Randar Baba ce!"

Ya ba su labari. A da kowane maigida yakan binne randar man zaitun a ƙasan rumbu, ya liƙe bakinta, ya shafe wurin, don shekarar yunwa. Ko matarsa ba ya gaya wa, sai babban ɗa, shi ma a gadon mutuwa. Kakan Jilani kuwa a hanyar kasuwa ya faɗi, bai samu bakin magana ba. Shekara arba'in da wani abu ana neman randar, ashe nauyin siminti ne zai tsaga ta.

"To a fasa daɓen," in ji Galiya.

"Haba 'yar mutane, ki ji tausayin bayana," in ji Jilani. "Kwana nawa suka rage? Mu shimfiɗa darduma a kai, wa zai gani?"

"Dardumar ce za ta toshe wa 'ya'yana hanci? Kai ka kwana a kai, tunda gadonka ne."

Ya juya kai. Washegari da hantsi ta ɗauki diga da kanta. Ba ta iya ba, sau biyu tana kusan sarar ƙafarta, amma kafin azahar wuyan randar ya bayyana. Da ta ɓamɓare murfin sai ta ja da baya. Man ya yi baƙi ya yi kauri yana yauƙi. Tsaka sun kai bakwai a sama, ciki a waje, ga wani ɓera da gashinsa ya zube, ya kumbura yana sheƙi.

"Albarka ce, 'yata," in ji Baffa Daw. "Mai ba a zubar da shi. A tace, a kwaɓa garin sha'ir da shi a yi basisa safiyar tarewa, gida ya zauna da tubarrakin kaka."

Ya ture ɓeran da bayan hannu, ya tsoma yatsa, ya lasa. Ya ɗan yamutsa fuska, ya ce da sauransa.

Galiya ta fita a guje, ta amayar da duk abin da ke cikinta a gindin bango. Ta kurkure baki, ta dawo da jarkoki uku da ludayi.

"Baffa, tunda albarka ce, ai babba ya fi cancanta. Kawo jakin."

"A'a, 'yata, tsaya mana. Innarku za ta kore ni!"

"Sai ka zo nan, akwai ɗaki a sama."

Ta ɗura man a jarkokin, har ɓeran ta saka masa. Daga nan ta tono ƙasar da ta sha mai har ramin ya kai mata ƙugu. Jilani, da kunya ta ishe shi, ya karɓi shebur yana nishi, ya cike ramin da yashi da farar ƙasa, ya sake daɓe. Suka tare ana saura kwana biyu biki, simintin bai gama bushewa ba.

Gidan yana nan, tagoginsa shuɗɗa, yara sun girma a ciki lafiya. In rana ta ƙwalle Galiya takan tsaya a ƙofar ɗakin ta ce har yanzu tana jin warin, su ce su ba sa jin komai. Tun daga ranar man zaitun bai sake shiga bakinta ba, a garin da ko jariri da shi ake shafe shi. In an kai ta biki aka ajiye akushin kuskus yana ƙyallin mai, sai ta ce ta ƙoshi, ta gutsuri busasshen burodi ta ci da shayi.