Katangar Ɗan'iya

Da na dawo Tambuwal daga karatu a Zariya, na tarar gari ya cika har ya fara cin gonakin bakin hanya. A makaranta an koya mana cewa wannan shi ne ci gaba. Ban musa ba, amma tun da na san Jumare magini nake ɗan shakka.

Tun da hukumar En'e ta gyara hanyar Sakkwato, baƙi suka yi ta sauka: masu awon gyaɗa, teloli, mahauta daga Jabo, fatake daga Kebbe. Kowa ɗaki yake nema, kowa kuma Jumare yake nema. Rabin shagunan bakin hanya tubalinsa ne.

Amma akwai gida guda da yake yi wa aiki ba wanda ya sa shi. Gidan ƙanensa ne, Ɗan'iya, wanda ya tafi cin rani Kurmi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bai dawo ba, bai aiko ba. A al'adar unguwarsu, kango na mai shi ne muddin katangarsa na tsaye. Ran da ta zube, mai unguwa na iya ba wani. Don haka ruwa na ɗaukewa, kafin ya taɓa aikin kowa, Jumare kan kwaɓa ƙasa ya yaɓe katangar, ya share zauren, ya ɗan zauna a dakalin da suke cin tuwo tare.

Matarsa Lauratu ta sha yi masa magana. Gidansu ya yi musu kaɗan, ɗansu Sambo na shirin aure, ga fili can ƙadangaru na shan rana.

"Malam, ko dai ƙadangarun ne suka ɗauke ka aiki?" in ji ta.

Ya yi murmushi. Washegari ya rushe turken awakinsa, ya ja wa Sambo ɗaki a wurin.

Daga baya wani tela ya zo da shawara mai sauƙi. Ba gidan yake so ba, zauren kawai. A toshe tsohuwar ƙofa, a fasa sabuwa ta fuskanci hanyar mota, ya kafa kekensa. Shi zai riƙa yaɓen katangar duk shekara. Mai unguwa ma ya ce hakan ya yi, tunda tsohuwar hanyar rijiya da ƙofar ke kallo tuni gidaje sun cinye ta, saura ɗan lungu. Jumare ya kwana biyu yana juya maganar, don gwiwoyinsa sun fara gajiya da tsani. Ya ce a yi haƙuri.

Na same shi bana a kan tsanin, hannu duk laka. Na tambaye shi me ya hana shi juya ƙofar, ga shi babu abin da take kallo sai bayan katangar wani.

Ya shafe wata tsaga da tafin hannu kafin ya amsa.

"Ɗan malam, ta nan ya fita. Garin ga duk ya sake mai. In ya dawo, ƙofar ga kaɗai za shi gane."