Taɓaryar Ƙande a Zauren Maigari

An ƙwace wa Ƙande taɓarya. Yau kwana arba'in da takwas ke nan tana jingine a zauren maigari, an ce ana bincike a kanta.

Ƙande ƴar baffana ce, tare muka tashi a ƙauyenmu na gefen Bande. Ni na yi lakwal, karatun boko, har kwalej, ita ta tsaya a aji shida. Tun da ta fara al'ada ciwon mara ke murɗe ta, har da amai. An yi jiƙo, an yi kanwa, a banza. Wata rana innarta ta gaji da birgimar, ta ce, "Tashi ki surfa mini hatsi, in mutuwar ce ta same ki a tsaye." Kafin dusa ta fita ciwo ya lafa. Daga baya ungozomar likita ta duba ta, ta ce babu wata cuta, motsa jikin ne ke sassauta mata, ta ci gaba. Shekara ashirin da biyu tana haka, ta haifi biyar, ba wanda ya ji kanta.

Sai bara mijinta Maikuɗi ya sayo injin niƙa. Hatsin gida ya koma inji, Ƙande ta rasa abin dakawa. Ta daka kuka, ta daka barkono, ta daka kuɓewar shekara guda, ta daka tsakin kaji har ya koma gari, kajin suka yi fushi. Da komai ya ƙare ta shiga maƙwabta tana roƙon hatsi. Kyauta fa! Mata kuwa ba wawaye ba ne. Suka haddace kwanakinta fiye da na tsayuwar wata. In lokaci ya matso kowa ta riƙe ƙwaryarta, kwana uku ana layi a ƙofar Ƙande, shi yana can gindin inji yana korar ƙuda. Har magana ta fita wai garinsa warin gazuwal, man inji, yake, ga shi matarsa ma ba ta kai nata.

Ya san dalili? Sarai. Ya ce in dai motsi ne ta riƙa tsalle a cikin ɗaki. Ta gwada. Uwarsa ta leƙo ta gan ta, ta ruga neman hayaƙin korar iskoki.

Sai Maikuɗi ya kai ƙara wurin maigari. Zaure cike da dattawa, har da mahaifinsa.

Maigari ya ce, "Ƴata, mijinki na da inji, me ya haɗa ki da turmi?"

"Haka nan, ranka ya daɗe."

"Haka nan ba dalili ba ne. Wani ya sa ki?"

"A'a."

"To me ke damunki?"

Ta dubi surukinta, ta dubi ƙasa. Maikuɗi da zai iya faɗa ya duƙa yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Wani tsoho ya yi gyaran murya ya ce tun da matar ras take, matsalar daga taɓaryar ce. Kowa ya gyaɗa kai. Aka sa Maikuɗi ya ɗauko taɓaryar aka tsare ta, aka kuma hana kowace mace ba Ƙande aro.

Watan jiya na same ta a dunƙule kan tabarma, ta ciji gefen zane, gumi na zuba. Kwana biyu ko ruwa ba ya zama a cikinta. Na ce, "Ƙande, ki je ki faɗa musu mana." Ta ce, "Yaya, gaban Baba? Gara in mutu." Saura kwana biyar abin ya sake zagayowa.

To ita kunya ta rufe mata baki, ni ba ta rufe nawa ba. Haila ce, ranka ya daɗe. Ciwon mara ne, daka ke sauƙaƙa mata shi, binciken ya ƙare. Maigari, a janye hanin aron nan yau. Kai kuma Maikuɗi, da kafaɗarka ka ɗauki taɓaryar ka kai zaure, da ita za ka mayar mata da ita gida kafin Laraba.