Wuyan da Ya Ƙi Juyawa Hagu

A unguwarmu Lokuwa an san ni da ƙara gishiri. In na ga kunama a ɗaki, kafin labarin ya isa bakin titi ta kai girman akuya, in ya kai ofis kuwa sai an nemo mafarauta. Ban taɓa ɗaukar wannan aibu ba. Mutane suna dariya, ni ma ina jin daɗi, kunamar kuma ba ta taɓa kai ƙarata ba. Sai da wuyana ya ƙage sannan na so a ce akwai mai yarda da maganata yadda na faɗe ta.

Aikina buga takardu ne a wani ofishi a nan Mubi. Da tafireta na fara. Da zamani ya juya aka ɗauke ta, aka ɗora kwamfuta a kan teburin nan dai, wani gajere da nake kyautata zaton don ɗan aji ɗaya aka ƙera shi. Takardar da zan kwafa kullum tana kwance a hannun damana. Shekara da shekaru kaina a sunkuye, a karkace, kamar kaza tana leƙen tsaba. Ciwon ya fara da tsamin kafaɗa da yamma, daga baya ya daina jiran yamma. Aka wayi gari dama tana juyuwa da lallami, hagu kuwa ko kusa. In na gwada sai in ji kamar an soka mini tsinken tsire daga bayan kunne har allon kafaɗa.

Iyalina suna Michika, inda matata ke koyarwa. Ni ina ɗaki ɗaya a gidan haya, sai ƙarshen mako nake zuwa can. Daga Litinin zuwa Juma'a, mutum ɗaya ne ya damu ko na tashi ko ban tashi ba, wani tela dattijo da ya girme ni da kamar shekara goma. Shagonsa yana hannun hagu in za ni ofis a keke-napep, daidai wani rami da ke tilasta wa masu keke rage gudu. Kakansa daga Zariya ya zo, nawa daga Kano. Shi bai taɓa taka Zariya ba, ni kuma sau biyu na je Kano, duka biyun sai da na ɓata. Amma wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi mun gaje shi cif, ba mu zubar da ko ƙwaya ba. Wanda ya riga ganin ɗan'uwansa shi ke fara jifa, ɗayan dole ya waiwaya ya rama. Ba a fushi, ba a wucewa shiru.

"Kai Bakano! Bawana! Ina za ka da wannan tumbin da sassafe, ba ka zo ka share wa ubangidanka shago ba?"

"Bazazzagi, rigar da ka ɗinka mini na saka yau! Hannu ɗaya ya riga ni isa ofis, ɗayan yana gida bai tashi ba!"

Mai keke ya yi dariya, keken ya faɗa ramin ya fito, shi ke nan. Abin ba ya kai minti guda. Bayan azahar yakan rufe shago ya tafi gonarsa a Sahuda, saboda haka ba na samunsa in na taso. Wannan mintin na safe shi ne hirata ta yini, sauran duk "buga wannan" ne da "an gama wancan?"

Da ciwon ya kama, na fara juyawa da jikina gaba ɗaya. To mu uku ne a bayan keke, kuma ni ba ƙaramin mutum ba ne. Ranar da gwiwar hannuna ta shiga haƙarƙarin wata mata, ta ce, "Baba, in rawa za ka yi ka sauka." Daga nan na koma ramawa fuskata na kallon gaba, ina zazzaga wa ƙeyar direba baƙar magana. Tela ya lura.

"Jama'a ku zo ku gani! Bakano ya zama gwamna, ya daina kallon talakawa!"

Wata Asabar ban je Michika ba, don ramukan hanya sun fi ƙarfina. Na taka har shagon, na zauna a bencinsa da niyyar in gaya masa.

"Bazazzagi, wuyan nan nawa fa ciwo yake."

Bai ko ɗaga kai daga keken ɗinkin ba. "To ba dole ba? Wuya ɗaya ya ɗauki wannan ƙaton kan shekara hamsin? Ai ko jaki ne da ya sauke."

"Da gaske nake."

"Ranar kunama ma da gaske kake."

Na yi dariya, don maganar ta yi daɗi, dariyar kuma ta tsaga ni har kafaɗa. Maimakon in tsaya a nan, sai bakina ya koma aikinsa. Na ce zan sayar wa maƙeri wuyan ya yi turken ɗaure shanu. Ya yi dariya har da share hawaye da ƙyallen atamfa. Na koma ɗaki da ciwona. A hanya na lissafa, shekara ashirin muna tare ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. Ko lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, kwana uku na zauna wurin gaisuwa bakina a rufe, a na ukun na ce masa kunun Zage-zagi ruwa ne tsagwaro, ya ce ai don Kanawa aka tsinka shi. Ta'aziyyata ke nan, kuma ya karɓa.

Sai na yi wauta. Tun da ba na iya waiwayawa, ramawa ba tare da kallo ba kuma ta zama abin tsiya, sai na riƙa fito da waya ina dannawa daidai ramin, kamar ban ji ba. Kwana biyu yana kira. A na uku ya kira sau ɗaya. Ranar Litinin ta gaba keke ya faɗa ramin ya fito, babu abin da na ji sai ƙarar keken ɗinki. Mai shayin unguwarmu ne ya fayyace mini: "Tela ya ce ka yi fushi da wasa." A tsakaninmu babu zargin da ya fi wannan muni.

Magani kuwa na sha shi. Na shafa man zafi har sauro ya yi hijira daga ɗakina. Wanzami ya yi mini ƙaho. Na canza matashi sau uku. A ƙarshe na je asibiti, likita ya tura ni sashen gashi da motsa jiki, inda na tarar da wata ma'aikaciya, 'yar wajen Michika, mai Hausar nan tamu ta Mubi da ba ruwanta da mace ko namiji. Ta sa na juya nan, na juya can, ta danna wani wuri na kira sunan kakata.

"Baba, wuyanka bai karye ba. Ya gaji ne, kuma ya manta hanya. Za mu koya masa."

Ni allura na zo nema, mai girman tabarya in da hali. Sai ta ba ni motsi. In ja haɓata baya kamar mai son ya yi haɓa biyu, in riƙe, in ƙirga goma. In juya kai a hankali har inda ciwo ya fara gaisuwa, in tsaya nan, kada in shiga gidansa. In kai kunne wajen kafaɗa. In matse allunan kafaɗa baya. In dafa tafin hannu a gefen kai in tura, kan kuma ya ƙi tafiya. Safe da yamma, kullum.

"Wa yana gida da zai duba ko kana yi daidai?"

"Ni da fanka."

Ta fara dariya, ta dube ni, ta fasa. "To bango zai duba ka. Zauna wuri ɗaya kullum, ka ga me idonka yana kaiwa a hagu."

Haka na yi. Na ajiye kujera a tsakiyar ɗaki, na sa mata alama da alli a siminti. A makon farko kalanda kawai nake iya gani. Bayanta akwai ƙusar da nake rataye hula, sai taga, sai ƙofa can a ƙarshe. Ina ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, don in na yi a zuci nakan yi wa kaina satar lamba. Muryata a ɗakin nan wata iri ce, kamar ta baƙo. Wani lokaci barkwanci yakan zo mini a tsakiyar ƙirga, mai kyau, wanda da zai kwantar da tela a ƙasa. Sai in faɗa wa kalanda, in ci gaba daga shida.

A ofis na tara tsofaffin fayil-fayil na ɗora kwamfutar a kai har ta zo daidai idona, na jingine takarda a tsaye, kuma duk rabin awa in miƙe in yi motsina. Abokan aiki suka ce Oga zai shiga soja. Na ce musu janar za a ba ni kai tsaye. Suka yi dariya, kowa ya koma kan teburinsa.

A mako na uku halina ya ci ni. An ce goma, na ce me goma za ta yi wa namiji, na yi hamsin. Kwana biyu ina tafiya kamar an haɗiyar da ni sanda. Da na koma, ma'aikaciyar ta harare ni.

"Baba, goma na ce. A nan ba a ƙara gishiri."

Na koma goma. Ƙusa ta bayyana. Taga ta ɗauki wajen wata guda, har na fara zargin mai gidan ya matsar da ita. Duk tsawon lokacin nan, kowace safiya ina wuce shagon, ina jin keken ɗinki, ba na jin komai bayansa. Na ƙudurta ba zan je ba sai na iya waiwayawa kamar da, in jefa masa magana daga cikin keke, komai ya koma wurinsa ba tare da wani bayani ba.

Ranar da na ga ƙofa har da sakatarta, na saka sabuwar hula na hau keke. Daidai ramin na juya hagu, sumul, na ga shagon, na gan shi a sunkuye.

"Bazazzagi! Ubangidanka ya dawo daga tafiya, fito ka kwashi gaisuwa!"

Ya ɗago, ya dube ni, ya ɗaga hannu kamar yadda ake yi wa mai wucewa. "Sannu, Malam."

Malam. Na ce wa direba ya tsaya. Na tsallaka titi, na zauna a bencin, na ciro katin asibiti da takardar da aka zana mini motsin, na ajiye masa a kan keken ɗinkin. Na riƙe bakina da ƙyar, don gishiri yana ta tururuwar fitowa.

"Ba ni da lafiya ne. Wata huɗu ba na iya juyawa hagu. Ba fushi na yi ba."

Ya ɗauki katin, ya juya shi, ya daɗe yana kallon zanen mutumin da ke tura kansa da tafi.

"Ashe da gaske ne."

"Da gaske ne."

"Ka zo har nan ka gaya mini, na ce maka jaki." Ya ajiye katin. "Kuma kai kaɗai a ɗaki."

"Ai maganar jakin ta yi daɗi."

Bai yi dariya ba. "Ka yafe ni. Allah ya ba ka lafiya."

Ban san inda zan ajiye wannan ba. Na ce amin, na karɓi katina, na makara ofis.

Bayan kwana biyu ya ba ni wani ɗan matashi da ya ɗinka da kansa, dogo siriri, daidai ramin wuya. Yana da daɗi ƙwarai, a kansa nake kwana. Yanzu duk safiya, kafin keke ya kai ramin, ya riga ya miƙe tsaye a bakin shago.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi! Ya bauta, Bazazzagi?"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi."

An sallame ni daga asibiti tun kafin kaka. Sau uku ina gaya masa na warke, har na juya masa kai dama da hagu a tsakiyar titi kamar ƙadangare. Ya gyaɗa kai ya ce in dai riƙa bi a hankali. Na yi tunanin in sake zama a bencin in yi masa magana a miƙe karo na biyu, amma har yau ban san yadda ake roƙon mutum ya zage ka ba.