Alamar Kifi a Bayan Hoto

Shekarar da ɗana ya cika uku, maigidana ya dawo daga kasuwar Tianxiu da wata magana da ban taɓa jin irinta ba. Wai idan sabuwar shekarar 'yan China ta zo, kasuwanni suka rufe, maɗinkan jins na Xintang suka tafi garuruwansu, zai yi hayar mota mai ɗaki mu fita bayan gari mu kwana biyu a cikinta.

Na ce, “Mu kwana a mota? Ga gidanmu?”

“Ba ki gane ba ne. Da gado a ciki, da murhu, har da banɗaki.”

“Banɗaki kusa da murhu? Allah ya kyauta.”

Ya yi dariya, ya nuna yaron da ke tura takalmi a kan tayil yana kukan mota. Ya ce don shi za a yi. A nan Guangzhou aka haife shi, bai san komai ba sai lif da matakala da hasken shaguna. Makon da ya wuce muna waya da gida Kano, akuya ta gifta ta bayan Inna, yaron ya nuna ta ya ce kare. Inna ta ce, “Wannan yaro ƙafarsa ta taɓa taka ƙasa kuwa?” Maganar ta tsaya wa babansa a rai.

Shi ba ya zama, kullum yana tsakanin kasuwar Canaan da wajen lodi, don haka ya ɗora mini aikin tsara inda za mu je da abin da za mu yi a kowane wuri. Ya gaya wa kowa. Lawban ɗinsa, matar da yake sayen wandunan jins a wajenta, ta fara turo hotuna. Abokansa suka turo nasu. Wannan ya ce dutsen Qingyuan, wancan ya ce ruwan zafin Conghua, wani ya turo gonar shayi. Kafin mako ya zagayo wayata ta cika, kaina ma ya cika.

Karatuna bai yi nisa ba. Hausa ina haɗa ta a hankali, Turanci sai na kasuwa, rubutun China kuwa zane ne kawai a idona. Idan na buɗe hoto ɗaya sai ɗaya ya ɓace mini. Sai na ɗauki wayar na sauka shagon buga takardu da ke ƙasan benenmu, na nuna wa mai shagon da yatsa, ya fitar mini da su ƙanana kamar tafin hannu. Abin da zan iya riƙewa na juya shi, wannan na san yadda zan yi da shi.

A bayan kowane hoto na riƙa yin alama da biro. Cokali, idan an ce akwai shagon taliya na Musulmin China mai koren allo a kusa. Jinjirin wata, idan na ga fili mai tsabta da za a shimfiɗa darduma. Tsani, idan wurin hawa ne. Kifi, idan akwai ruwa. Sannan na kwaikwayi yadda maigidana yake yi da samfurin jins idan ya zube su a falo: kashi uku, na ɗauka, na sake dubawa, na mayarwa. Na samo murafan kwalin takalmi uku na jera a kan gado.

Kowace safiya bayan ya fita, sai na zauna a gabansu. Idan na ɗaga hoton kogi, ba kogin nake gani ba. Yaron nake gani yana gudu irin nasa, kai a gaba, ba ya duban ƙasa. Ya taɓa zame hannunsa daga nawa a kan gadar Xiaobei, sai da wata mai sayar da rumman ta tare shi da gwiwa. Ni kuma a bakin kududdufi na tashi, na san yadda iyaye mata suke ƙirga kawunan yara da ido duk damina. Sai na sa hoton a murfin mayarwa.

Abin da ban iya ba shi ne faɗin dalili. Ɗan fari ne. A gidanmu Inna ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba. Ranar da ya faɗo daga katanga tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba, kakarmu ce ta fito da gudu ta ɗauke shi, duk da na ga Inna ta ci gaba da kaɗa rariyar bayan garin ya ƙare. Haka na taso na gani, haka bakina ya ginu. “Kai” nake ce masa, ko “yaron nan”. Amma a gida akwai kaka da goggo da za su yi ihun a madadinka. A nan ni kaɗai ce a hawa na sama, da taga mai ƙarfe.

Saboda haka idan maigidana ya dawo ya tambaya, sai na samo wani dalili.

“Kogin nan fa da lawban ta turo?”

“Babu wurin salla.”

“Tafkin nan mai kwale-kwale?”

“An ce abincinsu duk alade ne.”

“Ba ga murhu a motar ba?”

“Iska za ta yi yawa.”

Ya dube ni, ya dubi murfin ɗauka. Hotuna biyu ne a ciki: gonar shayi, da wani filin ajiye motoci mai siminti da katanga. Ya ɗaga na biyun ya ce, “Wannan ai da shi da bayan Canaan duk ɗaya.” Na ga jikinsa ya yi sanyi. Washegari na ji yana cewa a waya wataƙila ma a bar tafiyar, tunda uwar gida ba ta ga wurin da ya yi mata ba. Na tsaya a kicin da ludayi a hannu. Ni ma ina son yaron ya taka ƙasa. Ni ce kuma nake rufe ƙofar da hannuna.

Akwai wata Hajiya 'yar Maradi da take sauka a ɗakin da ke kallon namu duk lokacin da ta zo sayayya. Wannan karon kayanta ba su samu shiga kwantena ba kafin a rufe, dole ta zauna har a dawo hutu. Maigidana ya riga ya ce ta biyo mu. Da hantsi ta shigo aron tafarnuwa ta tarar da ni gaban murafaina.

“To, ina kamiyon mai gado za ya kai mu? Ku Kanawa komi sai kun yi mishi kashi-kashi kamar tumatur.”

Ta zauna bakin gado, ta ja murfin mayarwa. Ba gaban hotunan ta duba ba, bayansu ta riƙa juyawa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba ɗinki. Yaron ya zo ya hau cinyarta, ta ce, “Sauka, angon banza, ko goro ba ka taɓa saya mini ba.” Ta ci gaba da juyawa.

“Ɗiyata.”

“Na'am, Hajiya.”

“Mi kifi ya yi miki?”

Na ce babu komai. Na fara maganar wurin salla. Ta nuna mini wani hoto da ni da kaina na zana wa wata da cokali, ga kifi a gefe, ga shi a cikin na mayarwa. Na sunkuyar da kai ina murza bakin zanena.

Ta dubi yaron, ta dube ni. “Na farko ne ko?”

Na ɗaga kai kawai.

“Bon,” ta ce da Faransancinsu na Nijar. Ta karɓi biron. Ta zaɓo hoton wani rafi a Zengcheng, mai duwatsu farare, ruwan ko idon sawu bai rufe ba, ana ganin yara tsaye a ciki. Kusa da kifina ta zana hannu, yatsu biyar a karkace kamar tsintsiya. “Wanga hannuna ne. Mijina ne, ni za ni riƙe abina. Ke ki yi ta kunyarki a cikin kamiyo.” Ta jefa hoton cikin murfin ɗauka. Ba ta gaya wa maigidana komai ba. Da ya dawo ya gani, cewa kawai ta yi ita ke son ganin ruwa, tunda a garinsu sai damina.

Muka tafi. Mun ɗauka tunda Guangzhou ta zama fayau, bayan gari ma haka zai kasance. Ashe duk mutanen da suka bar birni can suka koma. A wurin farko mai gadi ya kaɗa hannu ya ce meyo, babu wuri. Sai a na biyu muka samu gefe, tsakanin wata bishiya da motar wasu masu jikoki da yawa, waɗanda suka aiko mana da lemo tun kafin mu kashe inji. Na dafa shinkafa da wake a murhun nan da na raina, na rufe ƙofar banɗakin da kyau. Yaron da aka cire masa takalmi ya tsaya cak a kan ciyawa, ya ɗaga ƙafa ɗaya yana duba tafinta.

Da safe muka gangara rafin. Maigidana ya tsaya can yana fama da tiyon zuba wa mota ruwa. Hajiya ta kama hannun yaron kamar yadda ta yi alkawari, ni ina biye da kujerar roba da tawul. Saura kaɗan mu isa sai ta tsaya, ta dafa gwiwa.

“Wash. Ƙafar ga ta ƙi. Kawo kujerar.”

Na ajiye mata. Ta ɗauke ta, ta juya ta, ta zauna ta ba rafin baya tana fuskantar motoci. Ta ciro wayarta ta kafa mata ido. Sannan ta saki hannun yaron.

“Hajiya, kin ce ke za ki…”

“Ni lissafin kwantena nike. Ba ni gani, ba ni ji.”

Yaron ya riga ya yi gaba, kai a sunkuye, duwatsu suna gangarawa ƙarƙashin ƙafarsa. Babu kaka, babu goggo. Na buɗe baki na kira sunansa, cikakke, da ƙarfi, har wani tsoho mai kamun kifi ya waiwayo.

Ya tsaya. Ya juyo yana dubana da mamaki, kamar yana neman wadda ta yi kiran. Sai ya yi dariya ya miƙo mini hannu.

Na tuɓe silifas, na tattare zanena, na kama shi. Ruwan da sanyi kamar ƙanƙara. Ya sa ƙafa ɗaya ya yi ƙara, ya janye, ya sake sawa. Wasu ƙananan kifaye suka zo suka kewaye yatsunsa suka watse. Ban sassauta riƙon ba, har sai da ya ce ina matse shi. Muka ƙara taku ɗaya.

Daga bayanmu, ba tare da ta juyo ba, Hajiya ta ce, “In kun gama ku kawo mini mijina in shafa mishi mai, kar ya yi mini mura.”