Tsarabar Kogi

A gidanmu na unguwar Birni, a Damagaram, ruwa ba ya aiki ɗaya a sallame shi. Wanda aka wanke shinkafa da shi, da shi za a ɗauraye kwanoni, daga nan ya tafi wurin akuya ko gindin lallen da ke bayan ɗaki. Ko alwala mutum zai yi, akwai wata tsohuwar tasa da ake turawa ƙarƙashin ƙafafunsa. Kakata, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya, ita ta kafa wannan doka tun kafin a haife ni. In ruwa ya taɓa ƙasa, ko tana ƙuryar ɗaki sai an ji muryarta.

"Wa ke ba ƙasa abin da ba ta roƙa ba?"

A ɗakinta na tashi. Na san layin bido, jarkokinmu na ruwa, a bakin pampo kafin in san layin ƴan makaranta a lakwal, na san ranakun da za a murɗa pampon ya yi tari kamar tsoho, ya yi shiru. Da damina, hadari na haɗuwa za mu fito da duk abin da ke da ciki mu jera ƙarƙashin indararo, har tukunyar miya. Ruwan ya yi gudu a lungu na ɗan lokaci, ya taru a tafki tsakanin duwatsu, ya kwanta yana kore, rani ya zo ya shanye shi. Iyakar ruwan da Iya ta sani ke nan: wanda ake jira, da wanda ke ƙarewa.

Kakana baduku ne, ban riske shi ba. Yakan kai jakunkuna da takalma Yamai, ya dawo mata da labarin kogi. Ya ce mata ruwa ne mai tafiya, safe da yamma, rani da damina, bai taɓa tsayawa ba. Ya yi alkawarin wata rana zai kai ta ta gani. Ya rasu bai kai ta ba. Takan ba ni labarin tana tsefe mini kai, kullum a wuri guda take ƙarewa.

"Kakanki akwai zaƙin baki. Ni dai ban ce ya yi ƙarya ba, ban kuma ce na yarda ba."

Shekarar da na fara koyarwa, yanar ido ta rufe idanun Iya, ƙafafunta suka fara kumburi. Ta daina fita ko ƙofar gida. Da hutun sanyi ya matso, na ce wa babana ina so in je Yamai in ga gari. Ya dube ni kamar na yi wani yare.

"Biki ake?"

"A'a, Baba."

"Jarrabawa ce? Ko asibiti?"

"Kallo kawai."

"Mace, ita kaɗai, ta yini a mota don kallo."

Daga kan tabarmarta Iya ta ce, "Bar ta. Ni na aike ta."

Ba ta aike ni ba, sai a lokacin. Da ya fita ta laluba ta kamo hannuna.

"Ƙawata, tunda na yi ƙarya dominki, sai ki biya ni. Ki gano mini ruwan nan. In zaƙin baki ne, ki faɗa mini, kada ki rufa masa asiri. Ina so in sani kafin in je in same shi."

Da asuba babbar motar fasinja, wadda muke kira kar, ta tashi. Rana ta fito mana a wajen Tirmini, a kan gonakin da aka gama girbe, kara a tsaye, rumbuna cike. Ban taɓa wuce Takeita ba sai ran nan. Na manna goshina a gilashi ina kallon garuruwan da na sani a taswirar aji suna zama mutane da awaki da masu tallan ƙwai. Na yi ta tunanin ko wannan hanyar kakana ya bi da buhun fatunsa, ko a gindin wace bishiya ya yi sallah. Muka shiga Yamai da almuru, fitilu sun kunnu, wuyana ya ƙage.

Wata abokiyar aikina ta kwatanta mini gidan saukar baƙi na wata hajiya, Bazabarmiya mai jin Hausa. Da safe na shiga makewayi na murɗa pampo, ruwa ya zubo da ƙarfi har ya fantsal mini a zane. Ban yi shawara da kaina ba. Na cika bokitin da ke wurin, na cika buta, na fita tsakar gida na ɗauko wani baho na cika. Da zan yi wanka na tsaya cikin bahon wanki don kada ruwan ya bi rariya. Ina fitowa da shi niƙi-niƙi ina neman shukar da zan ba, muka yi kiciɓis da hajiyar.

Ta dubi bahon, ta dube ni.

"Ƴata, daga Damagaram kike?"

"Yaya aka yi kika sani, Hajiya?"

"Wa zai yi wanka ya fito da ruwan a hannu kamar jariri in ba ku ba? Nan ma ana ɗauke mana, amma ba mu kai ga goya shi ba." Ta yi dariya har tana riƙe ƙofa. "Zuba wa mangwaron can, ya gode."

Na yi dariyar ni ma, amma sai na ji kewar gida ta taso mini, alhali kwana ɗaya kawai na yi.

Ban je kogin a ranar ba. Na ce wa kaina gari na zo gani. Na shiga babbar kasuwa na ɓata a layin masu atamfa, na fito ta ƙofar da ban shiga ta nan ba. Na je gidan tarihi na tsaya gaban ƙasusuwan wata dabba ta zamanin da, mai wuya kamar itacen giginya, na ga dukawa a rumfarsu suna ɗinkin jaka irin ta garinmu, warin jima ya sa na daɗe a wurin ba tare da na sayi komai ba. Na ɗaga kai na kalli dogayen benaye har kallabina ya zame. Na ci soyayyen kifi a bakin titi ni kaɗai, ba wanda ya san ƴar gidan wane ce ni. Abin ya yi mini daɗi, ya kuma ba ni tsoro kaɗan. Duk abin da na gani, sai in ji ina shirya yadda zan faɗa wa Iya shi.

Gaskiyar ita ce tsoron kogin nake. Ina tsoron in je in tarar da wani babban tafki, in koma in ce mata mijinta ya ƙara gishiri.

Washegari da la'asar na hau taksi na ce a kai ni gada. Na sauka na taka da ƙafa zuwa tsakiyarta, babura na wucewa ta bayana, na kama ƙarfen na leƙa.

Na karanta shi a littafi, na zana shi da shuɗin alli a allo, na koya wa yara inda ya fito da inda ya nufa. Duk wannan bai shirya ni ba. Ba shuɗi ba ne, kalar shayi da madara ne, rana ta shimfiɗa masa wata hanya ta zinariya a tsakiya. Faɗinsa kuwa, mutanen da ke wancan gefen kamar ƙwayar gero. Kuma tafiya yake. Ba ya sauri, ba ya waige. Wani ganye ya taho daga nesa, ya shige ƙarƙashin ƙafafuna, na ruga ɗaya gefen gadar na ga ya fito ya ci gaba. Na tsaya ina jiran lokacin da zai rage, kamar yadda ruwan lungunmu ke ragewa in sama ta ɗauke. Bai rage ba.

Abin da na fara ji ba murna ba ce. Hannuwana ne suka yi ta ƙaiƙayi. Duk wannan ruwan yana wucewa, ba mai tara ko ƙwarya. Na tuna wuyan Iya, yadda ya ɗan karkace saboda shekarun tulu. Na yi kuka a kan gadar, a hankali, ina gyara mayafi kamar iska ce ta shiga idona.

Na gangara bakin ruwan, inda masu wanki ke buga kaya a kan duwatsu. Na ɗauki hotuna, sannan na tuna wadda zan nuna wa ba ta gani. Na kira salular babana na ce a kai mata, na durƙusa na kara wayar dab da ruwan.

"Iya, kin ji?"

"Me zan ji?"

"Kogin ne. Saurara."

Ta saurara da gaske.

"Ni dai iska nake ji, da wani yana ta zage-zage da Zabarmanci. Shi ne kogin?"

Na kashe wayar na zauna a kan dutse har rana ta yi ja. Wani tsoho ya wuce cikin jirginsa yana tura gora, ko kallon ruwan ba ya yi. Na rasa yadda ake kai wa makauniya kogi. Da na tashi, na je wani kanti na sayi bido, na dawo na tattare zanena na shiga har gwiwa. Sanyinsa ya kama ni, na ji yana jan ƙafafuna a hankali, kamar yaro mai son a bi shi. Na cika bidon na toshe bakin da leda.

A kar ta komawa na ƙi yarda a sa shi a ƙasa cikin kaya, na ajiye shi tsakanin ƙafafuna. Matar da ke kusa da ni ta taɓa shi da yatsa.

"Man gyaɗa ne?"

"Ruwa ne. Na kogi."

"Ikon Allah. Mutane na kai tsarabar atamfa."

Wani dattijo a bayanmu ya ce, "Damagaram za ta. Ai duk motar nan ba wanda ya kai ta iya tsaraba."

Aka yi dariya. Duk tsawon hanyar ina jin ruwan yana bugun cikin bidon, yana neman hanya.

Na tarar da Iya ta ƙara ramewa a ƴan kwanakin nan. Da hantsi aka fito da ita tsakar gida ta sha rana. Na kawo bidon na buɗe, na ɗiba a tafin hannu na kai mata hanci.

"Laka," ta ce. "Da ɗan ƙarnin kifi." Ta taɓa da harshe. "To, a sa masa alif ya kwanta, a juye a randa."

"Ba na sha ba ne, Iya. Miƙo ƙafafunki."

"A kawo tasa tukuna."

Mahaifiyata ta kawo tasar ta tura ƙarƙashin ƙafafun. Na zuba kaɗan. Ruwan ya bi kumburarrun ƙafafunta ya taru a tasar, ya tsaya cak. Iya ta motsa yatsunta a ciki.

"To, ai ruwa ne, ƙawata. Irin na kowa. Wannan kika sha wahalar ɗaukowa?"

Na ji kamar in nutse. Na dubi ruwan da ke kwance cikin tasar, na ga gaskiyarta. Abin da na gani a Yamai ba shi ne wannan ba.

Na ce, "Iya, can ba a tare shi."

"Kamar yaya?"

"Wucewa yake. Ya taɓa ƙafarki ya tafi, wani ya zo ya taɓa ya tafi. Na tsaya tun la'asar har magariba, bai ragu ba."

"Ba mai sa ko tulu?"

"Suna ɗiba. Ko alama ba ya nunawa."

"Ina yake zuwa?"

"Wasu ƙasashe. Daga nan teku."

"Ba ya dawowa."

"Ba ya dawowa. Wani ne ke biyo bayansa."

Fararen idanunta na kallon saman katanga. Akuya ta matso tana shinshina bidon, mahaifiyata ta kore ta.

"Mayar da na tasar cikin bidon," in ji Iya. Na mayar. "Yanzu cire tasar."

Mahaifiyata ta ce, "Iya, a ƙasa?"

"Na ce a cire."

Na janye tasar. Na ɗaga bidon na fara zubawa daga ƙaurinta, siriri, don ya daɗe. Ruwan ya gangara ta idon sawunta, ya ratsa tsakanin yatsun, ya sauka a ƙasa. Da fari ƙasar ta shanye. Sannan ta ƙoshi, ruwan ya ɗan taru ya kama hanya, ya bi gefen tabarma, ya wuce gindin turmi, ya nufi rariya. Babana ya fito daga zaure ya tsaya. Iya ta karkata kai tana sauraron abin da ta hana kunnenta ji tun tana amarya.

"Yana tafiya?"

"Yana tafiya, Iya. Ya kusa fita waje."

"Ƙara."

Na ƙara, har bidon ya yi sauƙi a hannuna, har ɗigon ƙarshe. Ta bar ƙafafunta a cikin laka, tana murmushi kamar an faɗa mata wani abu a kunne.

"Haka yake yi duk yini?"

"Duk yini."

"Ashe mutumin nan bai yi mini ƙarya ba." Ta goge ido da bakin zane. "Sai dai ya cika alkawarin a makare, kuma da ƙafar wata."

Da zafin da ya biyo baya ta rasu. Bidon yana nan a ɗakin, an sa shi cikin masu zuwa pampo, ban ma iya bambance shi da sauran yanzu. Ban sake komawa Yamai ba, ko da yake duk hutu sai na ce zan je. Har yau in zan yi alwala ƙafata ce ke jawo tasar da kanta. Amma wani lokaci, in na zo wanke ƙafar ƙarshe, nakan ture ta gefe kaɗan, in bar abin da ya rage a butar ya sauka ƙasa, in bi shi da ido har inda ya tsaya.